Hoto Amana Ne: Hanyoyi Masu Sauƙin Kuɗi na Sa Shi a Firam da Rataye Shi

Duk wanda Allah ya nufa da yawan shiga gidajen jama'a a garin Achilafiya, wanda ke cikin ƙaramar hukumar 'Yankwashi ta masarautar Kazaure, ko kuwa a garuruwan da ke kewaye, tun daga Karkarna da Roni da Gwiwa har zuwa Babura, in dai mai lura ne, ba zai rasa ganin wani abu da ya zama ruwan dare a zauruka da ɗakuna ba, watau hoton da aka kafe a bango da ƙusa, ko aka liƙa da salatif, wanda rana ta koɗar, ƙura ta lulluɓe, gefensa ya nannaɗe kamar busasshen ganye. Wani na maigida ne ranar da ya komo daga aikin Hajji, wani na ɗa ne ranar saukar Alƙur'ani yana rungume da allon zayyana, wani kuwa na amarya ne a tsakiyar ƙawayenta. In ka tambayi mai ɗaki dalilin da ya sa ya bar abu mai daraja haka a wulaƙance, galibi amsar ba ta wuce cewa firam mai kyau sai mai hali, wanda talaka zai iya saye kuwa ai an ce araha ba ta ado. Maƙasudin wannan rubutu shi ne a bayyana wa mai karatu cewa a wannan bagire karin maganar ba ta yi daidai ba, domin abin da ke tsare hoto sanin ƙa'ida ne, kuma ƙa'idar ba ta fi ƙarfin aljihun kowa ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan mas'ala wani rashi ne da ya same mu a gida. A zauren baffana akwai hoton kakanmu, baƙi da fari, guda ɗaya tak da aka taɓa ɗaukarsa a duniya, yana zaune da rawani da alkyabba, tasbaha a hannun dama. An sa shi a cikin firam mai ruwan zinariya wanda aka sayo daga Kano da kuɗi masu kauri, amma wanda ya haɗa shi ya danne hoton da gilashi ƙam, babu ko tazarar gashi a tsakaninsu. Wata shekara da marka ta yi ƙarfi, indararo ya karye, ruwa ya bi bango, laima ta shiga firam ɗin ba wanda ya sani, sai bayan kaka muka ga wani tabo ya bayyana a wajen gemu. Na kwance ƙusoshin baya, na ɗaga gilashin a hankali, sai rabin fuskar tsohon ta biyo gilashi, rabi ta zauna a takarda. Baffana ya daɗe yana duban abin bai ce uffan ba, sa'an nan ya ce, "Ɗana, mayar da shi yadda yake, abin da ya rage mana ke nan." Tun daga ranar na ƙudurta a raina sai na san yadda ake wannan aiki a kan daidai, in kuma sanar da 'yan'uwana.

Asalin hoto da gadon da muke da shi

Ilmin da aka gina hoto a kansa ba baƙo ba ne ga Musulmi, gama shahararren malamin nan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra ya kuma yi zamansa a Alƙahira a ƙarni na 11 na Miladiyya, ya yi bayani a littafinsa Kitabul Manazir a kan yadda haske ke shiga ɗaki mai duhu ta 'yar ƙaramar kafa, ya sauke surar abin da ke waje a jikin bango a kife. Abin da ya rage shi ne dabarar tsayar da wannan sura don kada ta gushe, wannan kuwa sai a shekarar 1839 aka shelanta ta a Faransa, a 1888 kuma aka fito da kyamarar Kodak a Amurka, wadda kowa zai iya ɗauka. A ƙasarmu hoto ya yaɗu ne bayan da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939 ta ƙara sabar wa jama'a da ganinsa, har ya zamana yau wanda ya ziyarci Gidan Makama a Kano zai ga sarakuna da ganuwa da kasuwanni na wancan zamani, saboda an sami waɗanda suka adana. Haka kuma Saidu Keita, mai hoton nan na birnin Bamako wanda ya buɗe shagonsa a 1948, bai shahara a duniya ba sai bayan 1990, kuma abin da ya sa hakan ta yiwu shi ne ya killace dubban dodannin hotunansa shekara da shekaru ba su lalace ba.

Mu kanmu muna da gadon adana takarda wanda ya girmi kyamara nesa ba kusa ba. Malamanmu na zaure, waɗanda ke rubuta Alƙur'ani da littattafan fiƙihu da hannu a kan warƙoƙi warwatse, ba su taɓa liƙa warƙa da warƙa ba. Sukan jera su a tsakanin tadarishi, su ɗaure da tsirkiyar fata, su sa a gafaka, su rataye gafakar a maratayi nesa da ƙasa, inda gara ba ta kai, rana ba ta duka, ruwa ba ya taɓawa. Wanda ya fahimci hikimar gafaka ya riga ya fahimci rabin ilmin firam, domin manufarsu ɗaya ce: a riƙe takarda ba tare da an cuce ta ba, a kuma iya fito da ita lafiya duk ranar da aka so.

Kafin a ci gaba, wajibi ne a ambaci abin da ke zukatan masu karatu da yawa, watau hukuncin rataye surar abu mai rai. Malamai sun yi saɓani a kan wannan mas'ala. Abin da ya shahara a mazhabar Malikiyya shi ne an tsananta haramci a kan cikakkiyar sura mai inuwa, irin mutum-mutumi, an kuma sassauta zuwa karhanci a kan wadda ba ta da inuwa, alhali wasu malaman sun hana rataye kowace iri. Ba hurumina ba ne in yanke hukunci, kowa ya koma ga malamin da ya amince da ilminsa da tsoron Allahnsa. Sai dai duk abin da za a faɗa a nan yana da amfani ga wanda zai rataye hoton Ka'aba ko Masallacin Madina, ko zayyana, ko takardar shaidar makaranta, haka nan ga wanda ya zaɓi ya ajiye hotunan iyalinsa a cikin adaka.

Maƙiyan hoto

Maƙiyi na farko shi ne hasken rana, wanda ke cinye launi sannu a hankali, shi ya sa hotuna masu kala na shekarun 1970 da 1980 da yawa suka rine suka koma ja-ja ko rawaya-rawaya, alhali masu baƙi da fari, da yake da sinadarin azurfa aka tsayar da surarsu, sun fi jure wa zamani. Na biyu shi ne laima, domin fuskar hoton da aka wanke tana da wani siririn shafe da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, wanda in ya sha danshi yakan yi laushi ya yi danƙo, ya manne wa duk abin da ya taɓa, fumfuna kuma ta sami abinci. Na uku ƙurar hunturu da hayaƙin murhu da na turaren wuta. Na huɗu ƙwari, musamman gara da kyankyaso. Na biyar, wanda ya fi su duka ɓarna saboda da kyakkyawar niyya yake zuwa, shi ne hannun mai hoton kansa: salatif da ke barin tabo mai ruwan ƙasa, gam da ke ratsa takarda, biro da ke huda baya ya fito gaba, kwalin taliya ko na sabulu wanda tsamin da ke cikinsa ke ƙona hoto a ɓoye, da kuma lamineshin, wanda ke narkar da leda a jikin hoto da zafi ta yadda ba mai iya raba su har abada.

Daga sanin waɗannan maƙiya ake fitar da ƙa'idoji uku, waɗanda in an kiyaye su firam mafi araha ya wadatar, in an saɓa musu kuwa mafi tsada ba ya tsinana kome. Ta farko, kada hoto ya taɓa gilashi. Ta biyu, kada wani abu mai danƙo ya taɓa hoto. Ta uku, hoton da ba shi da na biyu ba a rataye shi, sai a kai wa mai hoto ya kwafe shi, ko a ɗauke shi da wayar hannu a cikin inuwa mai haske a wanko sabo, a rataye kwafin, asalin kuwa a sa shi tsakanin farar takarda mai tsabta, a ajiye a wuri mai duhu, busasshe, sama da ƙasa.

Gilashi da kwali

Hanya mafi sauƙi ba ta bukatar kafinta ko kaɗan. A je wurin masu aikin tagogin alminiyam, waɗanda ba a rasa su a Kazaure, a nemi guntun gilashi marar kauri, mai milimita 2 ko 3, daga cikin ragowar da sukan tara a gefe, a sa su yanka su kuma goge kaifin bakinsa. In hoton mai inci 5 da 7 ne, gilashin ya zama inci 8 da 10. Sai a sayi farin kwali mai kauri a kantin littattafai, a yanka guda biyu daidai da gilashin. Ɗaya shi ne shimfiɗar da hoto zai kwanta a kai, ɗayan kuwa a fafe masa taga a tsakiya da sabuwar reza da rula ta ƙarfe, tagar ta gaza hoton da kamar milimita 3 ta kowane gefe, don ta danne bakinsa. Wannan kwali mai taga shi ne sirrin aikin duka, gama kaurinsa ne ke raba hoto da gilashi, farinsa kuma ke ba ido wurin hutawa, har ƙaramin hoto ya yi kwarjini.

Riƙe hoton a kan shimfiɗa kuwa da 'yan aljihuna ake yi. A yanki farar takarda mai faɗin santimita 2 da tsawon santimita 5, a lanƙwaso gefunanta biyu su haɗu a tsakiya, sai ta zama ɗan aljihu mai kusurwa uku. A yi guda huɗu, a zura kusurwoyin hoton a ciki, a shafa ɗan gam a bayan aljihunan kaɗai, a manna su a shimfiɗa. Ta haka hoto ya zauna daram, kuma duk ranar da aka so a zare shi kamar yadda ake zare wasiƙa daga ambulan. Daga nan a wanke gilashi, a bar shi ya bushe sarai, a jera gilashi da taga da shimfiɗa da wani kwali mai ƙarfi a baya, a ɗaure bakinsu kewaye da tef na takarda. Wanda ke son ado na gida ya kai wa baduku ya naɗe bakin da jar fata ko baƙa, irin wadda ake yi wa tadarishi, ya kuma ɗinka masa hannun rataya a baya, sai abin ya fito da kyan da ba a samu a kanti.

Wurin kafinta

Wanda ke son firam na katako, ya tuna cewa kowane kafinta yana da tarin guntaye a bayan rumfarsa waɗanda ƙarshensu murhu, kuma sanda huɗu 'yan gajeru su ne firam. Na tsaya a kan wani dattijon kafinta yana yi mini wannan aiki, fensir a maƙale a bayan kunne, ya ɗauki guntun farin katako ya duba shi ta tsawo da ido ɗaya, ya fere shi, sa'an nan ya zana kusurwa ya bi ta da zarto a karkace, don in sanduna biyu sun haɗu bakinsu ya zauna kamar leɓe da leɓe. Da ya zo fafe gurbin da gilashi zai kwanta, na roƙe shi ya zurfafa shi ya kai santimita guda, ya dube ni ya ce, "Alhaji, ai rabin wannan ya ishi gilashi da hoto." Na nuna masa kwalayen nan, na gaya masa labarin kakana, sai ya girgiza kai ya ce, "Allah Sarki, da mun sani da ba mu ɓata wa mutane da yawa ba." Sharaɗi biyu ne a nan: katakon ya zama busasshe don kada ya kantare, in kuma an shafa masa fenti ko banish a bar shi kwanaki har warin ya fita sarai kafin a sa hoto, domin tururin fenti yana cin launi. Wanda zai yi da yawa, kamar shugaban makaranta ko mai shirin biki, zai sami sauƙi in ya sayo katako a 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, ya ba kafintan garinsu aikin gaba ɗaya.

Akwai kuma tsofaffin abubuwa da ake zubarwa alhali firam ne a shirye: madubin da ya fashe ya bar katakonsa, agogon bangon da ya mutu, da firam ɗin da ya zo da hoton furanni daga kanti. Su ma firam na roba masu araha da ake samu a kasuwar Sabon Gari ta Kano ba laifi gare su ba, muddin an cire kwalin da suka zo da shi daga jikin hoto, an sa farin kwali da taga kamar yadda aka bayyana.

Ƙasarmu kuwa ƙasar kara ce da kaba, kuma yaran da ke ƙera mota da jirgi da karan dawa ba za su kasa ƙera firam ba in an nuna musu. Sanduna huɗu na gora ko na kara mai ƙwari, a ɗaure kusurwoyinsu da zare mai launi, ko faifai mai kyan saƙa a ɗora hoto a tsakiyarsa da 'yan aljihunan nan, duk ado ne da ya dace da ɗakin da aka yi wa jere. Haka nan hoton da masu hoto na zamani ke bugawa su manna a kan allo ba gilashi. Amma duk waɗannan na kwafi ne kaɗai, saboda kara abincin gara ne, allon kuma liƙi ne da ba ya ɓanɓaruwa.

Rufe baya da zaɓen bango

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ƙura da kyankyaso ba sa shiga firam sai ta baya. Saboda haka bayan an tsare kwalin baya da ƙananan ƙusoshi, a bi tsagar da ke tsakaninsa da katako da tef na takarda, ko da takarda mai ƙarfi da aka shafa wa jiƙaƙƙen ƙaro, a toshe ta kewaye. Sa'an nan a manna 'yan guntayen roba biyu, ko da na tsohon silifa ne, a kusurwoyin ƙasa ta baya, don firam ya ɗan janye daga bango iska ta riƙa ratsawa.

Wajen rataya a guji bangon da rana ke duka ta ƙofa ko taga, da wanda ke jiƙa da damina, da wanda ke kusa da murhu ko kaskon turare, da kuma bangon alƙibla a inda ake salla. A ginin siminti ƙusar kankare ake sawa. A ginin ƙasa kuwa gajeriyar ƙusa ba ta riƙo, sai doguwa mai inci 4 a kafa ta a karkace kanta na duban sama, ko a kafa turken katako a sa ƙusa a jikinsa. Tsakiyar hoton ta yi daidai da idon mutum a tsaye, watau kamar santimita 150 daga daɓe, a ɗakin da ake zama a tabarma kuwa a ɗan sassauto da shi. Sau biyu a shekara, da faɗuwar damina da kuma bayan kaka, a sauke firam a duba bayansa ko gara ta fara gini, a goge gilashin da busasshen ƙyalle, kada a watsa masa ruwa yana rataye, gama ruwan yakan gangara ya shige ta ƙasa.

Abin da ya fi firam

Saura abu ɗaya wanda ba ya cin ko kwabo, amma shi ne ruhin aikin. Kafin a rufe firam, a ɗauki fensir mai laushi a rubuta a bayan kwalin shimfiɗa, da boko ko da ajami, sunan wanda ke cikin hoton da na mahaifinsa, da garin da aka ɗauka, da dalilin taron, da shekara ta Hijira da ta Miladiyya. Masarautar Kazaure, wadda Ɗan Tunku ya kafa wajen 1819, tana da tarihin sarakunanta a rubuce, Jihar Jigawa da aka ƙirƙira ranar 27 ga Agusta 1991 ita ma tana da nata a ofisoshi, amma tarihin manomi da maƙeri da malamin allo da ungozoma na Achilafiya ba ya ko'ina sai a bakin tsofaffi da cikin waɗannan hotuna, kuma in tsohon da ya san fuskokin ya kwanta dama, hoton da ba suna ya zama na baƙo a gidan jikokinsa.

Don haka ina kira ga mai karatu, kada ya jira sai ya yi kuɗi. Ya sauke hoton nan da ke kafe a bango tun yau, ya kai shi gaban mahaifiya ko kaka ko baffa tun suna raye, ya tambaye su ko su wane ne a ciki, ya rubuta, ya kwafe, ya adana asalin, sa'an nan ya nemi guntun gilashi da farin kwali. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mana, amin.